Kalma Ɗaya, Aiki Biyu: Yadda Za Ka Raba Suna da Fi'ili a Turanci

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya bambancin harsunanmu cikin ayoyinsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe na JHS waɗanda jarrabawar BECE ke gabansu, ga wata 'yar mas'ala ta Turanci da ke cinye wa ɗalibai maki ba gaira ba dalili. Mas'alar ita ce, kalma ɗaya tak takan zo a matsayin suna a wannan jimla, ta koma fi'ili a waccan, ba tare da an ƙara mata ko an rage mata harafi ba. Abin daɗin shi ne, mu 'yan makarantar Islamiyya maganin yana hannunmu tun tuni, a cikin darasin nahawu.

A Larabci mun saba kalma ta nuna kanta a jikinta. Daga baƙaƙe uku, kaf da ta da ba, muna samun “kataba”, ya rubuta, da “kitabun”, littafi, da “katibun”, marubuci, da “maktabun”, wurin rubutu. Da ka ga sigar, ka san inda ta dosa. Hausa ma kusan haka take: dafa da dahuwa, tafi da tafiya, saya da saye. To, shi Turanci sau da yawa ba ya wannan wahalar. Ku dubi waɗannan jimloli biyu:

The water is cold.
We water the onions every morning.

A ta farko “water” ruwa ne, abin da ake sha, wato suna. A ta biyu kuwa aiki ne: muna yi wa albasa ban ruwa kowace safiya. Haruffa biyar ɗin nan ba su motsa ba. Balarabe zai ce “ma'un” ga ruwa, ya ce “saƙa” ga shayarwa, kalmomi biyu daban. Bature ya haɗa su a tukunya ɗaya. Har ma yana iya jera su a jimla guda:

We water the onions with water from the well.

Kada wani ya ce wannan rikicin Turawa ne kawai. Ku tuna kalmar nan ta Larabci mai baƙaƙe uku, zal da ha da ba. In babu wasali a kanta, tana iya zama “zahaba”, ya tafi, tana kuma iya zama “zahabun”, zinariya. Amma wa ya taɓa ganin ɗalibin kirki ya karanta cewa Zaidu ya zinariya zuwa masallaci? Abin da ke kewaye da kalmar shi ke gaya maka wadda ake nufi. Haka sunan Yazidu: a bakin mai kiran yaro suna ne, amma a cikin jimla “yazidu” na iya zama fi'ili, yana ƙaruwa. A Hausa ma muna rubuta “yaro ya gudu” mu kuma rubuta “gudu ya gajiyar da shi”, rubutu iri ɗaya, aiki daban. Ashe dai abin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Alamomin suna

Littafin Ajurumiyya, wanda Ibnu Ajurrum ya wallafa, malamin da ya rasu a birnin Fas a shekara ta 723 bayan Hijira, ya koya mana mu gane suna da alamomi: tanwini, da shigar alif da lam, da jarra, da haruffan da ke jawo ta. Wannan dabarar ita za mu ɗauka mu kai Turanci. Bambancin kawai shi ne, a Turanci yawancin alamomin ba a jikin kalmar suke ba, suna tsaye ne a gabanta.

In ka ga “the” ko “a” ko “an” kafin kalmar, to suna ce. “The” ɗin nan ita ce alif da lam ɗinsu. Haka in ka ga kalmar mallaka kamar “my”, “your”, “our”, ko ta nuni kamar “this” da “that”, ko ta yawa kamar “some” da “much”. Haka kuma in ta biyo bayan haruffan jarra nasu, irin su “in”, “of”, “with”, “from”. Wani lokaci sifa kan shiga tsakani, amma hukuncin bai canza ba.

Give me some water.
The child fell into the dirty water.
Our water is finished.

Alamomin fi'ili

A Larabci “ƙad” da “sin” da “saufa” ba sa shiga sai a kan fi'ili. Turanci ma yana da irinsu: “will”, “can”, “must”, “should”, “did not”. Kalmar da ta biyo su kai tsaye, galibi fi'ili ce. Haka in ta biyo wakilin suna mai aikatawa, irin su “I”, “we”, “they”, “she”. Haka in ta karɓi “ed” a ƙarshe don nuna an riga an yi aikin. Sannan akwai umarni, inda fi'ili ke zuwa a farkon jimla shi kaɗai, kamar fi'ilin amri.

I will water the garden after Asr.
She watered the flowers yesterday.
Water the tomatoes before you go.

A yi hattara da “to”, don baki biyu gare ta. A cikin “I want to water the garden” tana gaban fi'ili. A cikin “I am going to school” kuwa harafin jarra ce, abin da ya biyo ta suna ne. In ka rikice, tambayi kanka: aiki ake son yi, ko wuri aka nufa?

Tarkon harafin “s”

Nan ne fa ake yawan faɗuwa. An koya mana tun muna ƙanana cewa “s” a ƙarshen kalma alamar jam'i ce. Gaskiya ne, amma ga suna kaɗai. A jikin fi'ili, “s” na nuna cewa mai aikin mutum ɗaya ne. Mu ɗauki kalmar “book”:

The books are on the mat.
My uncle books a seat on the Tamale bus every Friday.

A ta farko littattafai ne masu yawa. A ta biyu babu littafi ko ɗaya, kawu ne ke kama kujera a motar Tamale kowace Juma'a. Ɗalibin da ya ga “books” ya ce jam'i ne, bai duba maƙwabtanta ba, ya riga ya ɓata tun daga nan, kuma duk amsar da zai gina a kai za ta karkace.

Wannan misalin ya nuna mana wani abu kuma: ma'anar fi'ilin ba dole ta yi kama da ta sunan ba. Ranar da Kotoko ke karawa da Hearts of Oak, za ka ji mai sharhi a rediyo ya ce alƙalin wasa “has booked” wani ɗan wasa. Ba littafi ya ba shi ba, katin gargaɗi ya ɗaga masa, ya rubuta sunansa. Haka “hand” hannu ne, amma “hand in your papers” na nufin ku miƙa takardunku. “Chair” kujera ce, amma wanda ya “chair” taro shi ne ya shugabance shi. Saboda haka in ka buɗe ƙamus, kada ka cafke ma'anar farko ka rufe. Duba ƙaramin harafin da ke gefen kalmar: “n” na nufin suna, “v” na nufin fi'ili. Fara tantance wanne ne a jimlarka, sannan ka karanta ma'anar da ke ƙarƙashinsa.

Yadda Hausa ta yi da irin waɗannan kalmomi

Abin sha'awa ne a ga yadda kakanninmu suka yi da suka ari irin waɗannan kalmomi. “Change” a Turanci suna ce kuma fi'ili ce. Da ta shigo Hausa sai aka raba ta biyu: canji, wanda yaron mota ke ba ka a torotoro, da canza, kamar ka canza riga. Wasu kuma aka bar su a suna, aka nemo musu fi'ili na gida: mukan ce yi fenti, taka birki, buga waya. Shi ya sa in muna Turanci harshenmu ke son ya ƙaro wata kalma, alhali Bature ya wadatu da guda: “paint the wall”, “phone your mother”. In ka gane wannan, jimlolinka za su gajarta, su kuma yi kyau a insha'i.

Inda murya ke rabawa

Akwai wasu kalmomi masu gaɓa biyu waɗanda rubutunsu ɗaya ne amma furucinsu ya bambanta. In suna ne, ana danna gaɓar farko. In fi'ili ne, ana danna ta biyu. Ga su da manyan haruffa a inda ake dannawa: REcord da reCORD, PREsent da preSENT, EXport da exPORT, INcrease da inCREASE. Mu da muka san tajwidi, muka san yadda madda ɗaya ke canza ma'ana, wannan ba zai gagare mu ba. Sai dai ba duka ne ke bin wannan ƙa'ida ba: “answer” da “visit” ana danna farkonsu a kowane hali, “report” da “reply” kuma ƙarshensu.

Kalmar “use” ita ma haka: in suna ce ƙarshenta na fita da sautin “s”, in fi'ili ce da sautin “z”. Wasu kuwa har rubutun ya ɗan bambanta. “Advice” shawara ce, “advise” ba da shawara. “Practice” suna, “practise” fi'ili, bisa rubutun Ingila wanda shi muke bi a Gana. Ku riƙe wannan: mai “c” suna, mai “s” fi'ili.

Ba kowace kalma ba fa

Kada mu ce tunda ƙofa ta buɗe kowa ya shiga. A unguwa mukan ji ana cewa “off the light” ko “on the fan”, ko a ce direba “horned”. Kowa ya gane abin da ake nufi, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja masa jan layi. Daidai shi ne “switch off the light”, “switch on the fan”, da “the driver sounded his horn”. Haka ba a cewa “I will choice” ko “don't loss it”. Fi'ilansu “choose” ne da “lose”. In kana shakka, ƙamus ne alƙali: in babu “v” a gefen kalmar, bar ta a sunanta.

Wuri ɗaya da alamomin kan ɓace shi ne kanun labarai na jarida, don a can sukan zubar da “the” da “a” saboda ƙarancin fili. A ce ka ga an rubuta:

Traders fear price increase

“Fear” na iya zama tsoro ko jin tsoro, “increase” na iya zama ƙari ko ƙarawa. To yaya ke nan? Sai ka koma ga i'irabi. Jimlar Turanci ta saba jera mai aiki, sannan aiki, sannan wanda aikin ya faɗa wa, wato fa'ili, fi'ili, maf'uli. Su wa? 'Yan kasuwa. Me suke yi? Suna tsoro. Tsoron me? Ƙarin farashi. Ka ga “fear” ta zama fi'ili, “increase” ta zama suna. Shi ke nan.

Aikin hutu

Ga kalmomi goma: light, rain, fish, cook, answer, play, help, work, name, iron. Kowa ya samu littafinsa ya rubuta jimla biyu da kowace kalma, ɗaya tana suna, ɗaya tana fi'ili, ya ja layi a ƙarƙashin alamar da ta nuna hakan. Misali:

The light in the mosque is bright.
Please light the coal pot.

Wanda ya gama, ya gwada haɗa biyun a jimla ɗaya, kamar yadda muka yi da ruwa da albasa. Ku karanta wa juna da ƙarfi, yayye su duba na ƙanne, in an dawo hutu a kai wa malamin Turanci ya gyara. Jimla ashirin ce kacal, ko biyu-biyu kake yi bayan sallar Asuba, kwana goma ka gama.

Allah ya buɗa mana ƙwaƙwalwa, ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba 'yan jarrabawa sa'a, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri. Amin.