Me Ya Sa Kundayen Shafukan Intanet Suka Riƙa Kora Ba Bayani?

Kafin Google ya zama wurin da kowa ke tambayar hanya, mutane ne ke zama su jera shafukan intanet da hannu, kowane a ajinsa. Jerry Yang da David Filo, ɗaliban Jami'ar Stanford a Amurka, sun fara irin wannan jeri a 1994, shi ne ya zama kundin Yahoo. A 1998 aka kafa wanda aka fi sani da DMOZ, kamfanin Netscape ya saye shi a shekarar, 'yan sa-kai kuma ke tace duk abin da aka turo.

A zamaninsa, dokokin DMOZ ba su da wuyar ganewa. Ka tura shafinka sau ɗaya, a aji ɗaya da ya fi dacewa da shi. Kada ka turo wanda ba a gama ginawa ba, ko wanda kwafin wani ne aka sauya masa adireshi. Bayanin shafin ya zama gajere, ba kirarin talla. Matsalar tana bayan an tura. Mutum zai yi watanni, wani ma shekaru, bai san ko an duba an ƙi ba, ko kuwa ba a kai kansa ba tukuna, domin ba a wajabta wa editan sa-kai ba da amsa ba.

Tushen wannan shiru yana wajen Google. Tsarinsa na PageRank yana ɗaga shafi gwargwadon yawa da darajar shafukan da ke nuni zuwa gare shi. DMOZ kuwa ya bar kowa ya kwafi jerinsa kyauta, har Google kansa ya gina nasa kundin a kan jerin daga 2000. Shiga ɗaya sai ta haifi mahaɗai masu yawa da ke nuni zuwa shafin. Daga nan masu neman a karanta su suka zama 'yan kaɗan a layin, masu neman matsayi a sakamakon bincike suka cika shi. Editan da ke aikin nan bayan ya tashi daga nasa aikin ba shi da lokacin rubuta wa kowa dalili. Akwai kuma hujjar da ta fi wannan ƙarfi: idan ka gaya wa mai maguɗi abin da ya tona shi, ka koya masa abin da zai ɓoye gobe.

Hujja ce mai kyau, sai dai mai gaskiya ne ya biya kuɗinta. Ƙaramin ɗan kasuwa da kuskurensa bai wuce zaɓen aji ba, bai da yadda zai gyara abin da ba a faɗa masa ba. Sai ya sake turawa, layi ya ƙara tsawo. Inda babu bayani kuma zargi ne ke cike gurbin. An daɗe ana cewa wasu editoci suna danne shafukan abokan hamayyarsu a kasuwa, kuma tsarin da ba ya ba da dalili ba ya iya wanke kansa.

Yahoo ya bi ta hanyar kuɗi: dala 299 a shekara ga shafin kasuwanci. Kuɗin dubawa ne kawai, ko an ƙi ka ba a mayarwa. Aƙalla dai ka san an duba.

Ba zan ce shirun ne ya kashe kundayen ba, injin bincike ya riga ya fi su sauri nesa ba kusa ba. Google ya rufe kundinsa a 2011, a Afrilun 2012 ya fito da tsarin Penguin, wanda ya hukunta shafukan da suka tara mahaɗai na bogi, har masu shafuka suka koma roƙon ƙananan kundaye su cire sunayensu. Yahoo ya rufe nasa a ƙarshen 2014, DMOZ ya bi baya a Maris 2017. Wasu daga cikin editocinsa sun ci gaba da aikin da sunan Curlie.