Akwati Ɗaya, Gidaje Daban: Yadda Za Mu Ba Ƴar'uwa Shawara In Al'adarmu Ba Ɗaya Ba



Duk wadda ta taɓa riƙe shugabancin ƙungiya ta san irin wannan rana. An buɗe akwati, an kira suna, wata ba ta kawo kuɗin bashinta ba, sati na uku ke nan. Shugaba ta ja ta gefe, ta yi mata nasiha, ta tambaye ta ko akwai damuwa. Matar ta sunkuyar da kai ta ce babu komi. Aka rabu a kan sati mai zuwa. Sati ya zagayo, ba ta zo ba, daga nan ba a ƙara ganin ta bisa tabarma ba. Mu kuwa muka ce ta ci amana. Amma sau da yawa in aka bi sawu, sai a tarar laifin na wajenmu: mun yi mata magana kamar ƴar ɗakinmu, alhali gidan da ta tashi ba irin namu ba ne.

Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, an gina shi ne a kan sanin juna. Mata kamar 20 zuwa 30, zubi kowane sati, akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku. Babu jingina, babu takardar gona; sanayya ita ce jinginar. Daga Nijar tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. To mu nan Ƙonni, Malbaza da Illela, tabarmarmu ta haɗa Bahaushiya mai noman albasa a Galmi, Bafulatana mai tallan nono, Buzuwa mai awaki, da amaryar da aka kawo daga ƙetaren iyaka. In ba mu san yadda kowace ke rayuwa ba, shawararmu ba za ta kama ba.

Mu fara da lokacin kuɗi. Mai albasa a Galmi ko Dogarawa tana ganin kuɗinta da rani, bayan cire albasa. Mai gero sai kaka. Bafulatana kuwa nono ne dukiyarta, nono kuma da damina yake yawa. Da bazara shanu sun rame, ƙwarya ba ta cika. Wata ma da damina gidansu ke bin dabbobi arewa, wajen Azawak, sai bayan an kwashe amfanin gona su dawo. In muka ba ta bashi a watan Afrilu muka ce ta biya cikin sati huɗu, mun ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Kafin a ba da bashi, a tambaye ta: yaushe kuɗi ke shigo miki? Wa zai kawo zubinki in kun tashi? Amsarta ita za ta nuna watan da ya dace ta ɗauka.

Sai kunya. Mu ma muna da ita, amma Fulani sun ba ta matsayi babba cikin abin da suke kira pulaaku: akwai semteende, wato kunya, akwai munyal, wato haƙuri. Macen da aka reno haka ba za ta ce tana jin yunwa ba a gaban mutane, ba za ta faɗi sunan miji ko na ɗan fari ba. In ta ce "to", ba lalle ta yarda ba. Wataƙila girmama mu take yi. Saboda haka kada a tsare ta da tambaya a tsakiyar taro. A bi ta ruga ko gida, a sha furar da ta dama, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, a tambayi shanu da yara. In ta girme mu a ce Goggo ko Inna. Maganar bashi ta zo daga baya, kuma mu bar mata shirunta, kada mu cika shi da surutu.

Wajen ƴan'uwanmu masu jin Tamajak kuma kuskurenmu wani ne daban. Mun saba in magana ta yi nauyi mu ce a kira maigida. Alhali a al'adarsu mace na da dabbobinta na kanta, ɗaki ma nata ne. Kiran miji a kan bashin da ita ta ci yana iya zama raini. Mu tambaye ta da wa take shawara a gida, ita za ta faɗa. Akwai kuma wadda ba ta son a kira ta Buzuwa. Ta faɗi yadda take so a kira ta, mu riƙe.

Matan da suka zo daga Illela ta Najeriya ko Sakkwato harshenmu ɗaya, amma lissafinmu ya bambanta. Ita da naira ta tashi, mu da dala da jikka. In muka ce dala ɗari, wato sefa 500, tana iya jin wani abu daban ta yi shiru don kada a yi mata dariya. Kuma mun ga abin da ya faru bayan Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024: mai sayen kaya da naira tana zubi da sefa ta shiga matsi. Wannan ba ragwanci ba ne. A ajiye kuɗin a gabanta, a ƙirga tare, ta maimaita da bakinta nawa ta ɗauka, nawa za ta maido, ran nawa ga wata.

Akwai maganar addini. Wata za ta ƙi ɗaukar bashi don tana tsoron ƙarin da ake sawa a kai riba ce. Kada mu yi mata fatawa, ba aikinmu ba ne. Mu bayyana mata inda kuɗin ke zuwa, cewa akwati yake komawa a raba ranar rabo, sannan ta je ta tambayi malamin da ta yarda da shi. In ta zaɓi zubi kaɗai ba bashi, tana nan ƴar ƙungiya. A Galmi, inda asibitin mishan yake tun 1950, akwai ƴan'uwa Kiristoci. In ana tsaida ranar taro a tuna da Lahadinsu kamar yadda ake tunawa da Jumma'armu.

Game da harshe, gaskiya ne tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, kuma kusan kowa na cinikin kasuwa da ita. Amma Hausar sayar da nono a kasuwar Badagishiri daban, Hausar faɗin abin da ke cin rai daban. In ana buƙatar tafinta, a bar matar ta zaɓa da kanta. Kada a sa ɗanta, kada a sa kishiya ko uwar miji. Tafinta ma ta ɗauki alkawarin rufe baki, don sirrin da ya fita sau ɗaya, ba ita kaɗai za mu rasa ba, har da duk matan zangonsu.

Muna da gadon da ke sauƙaƙa wannan aiki, wato wasan taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Wasan Fulani da Arawa, ko na Zabarmawa da Buzaye, yana buɗe baki inda fuska ta ɗaure. Sai dai a san da wa ake wasan, kuma ba a tsokanar mace da talaucinta.

Wata za ta ce, in mun bi kowa da al'adarsa, ina dokar akwati? Doka tana nan. Zubi ɗaya ne, tara ɗaya ce, wadda ta ci bashi za ta biya ko daga wace ƙabila ta fito. Abin da ke canzawa shi ne inda za a zauna da ita, lokacin da za a ba ta, da bakin da za a yi mata magana. Kuma kada mu ɗauka duk Fulani ɗaya ne ko duk Hausawa ɗaya ne. Wadda ta tashi cikin garin Ƙonni ba kamar ta daji ba ce. In damuwar ta wuce ƙarfinmu, kamar duka a gida ko ciwo mai tsanani, mu raka ta likita ko wajen hukuma da yardarta.

A taron wannan sati, kowace ƙungiya ta duba littafinta: su wa suka daina zuwa tun rabon bara? A zaɓi mata biyu, ɗaya mai jin harshensu, su je gaisuwa kawai, ba karɓar bashi ba. Abin da kuka jiyo ku kawo mana ta hannun shugabanninku, ba tare da suna ba, don sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya sa albarka a akwatunanmu, ya bar zumunci.