Me ya sa kamarar fim ɗin "Zinder" ba ta gaggawa?

Masu kallon finafinan soyayya na Kano sun san yadda ake yanka hoto lokacin waƙa: hoto na bin kiɗa, tufafi ma su sauya tun baiti bai ƙare ba. Fim ɗin "Zinder", wanda Aïcha Macky 'yar Damagaram ta fitar a 2021, ba haka aka haɗa shi ba. Rayuwar gaskiya ce ta samarin "palais" na unguwar Kara-Kara, babu mai cewa "a sake". Kamara ce ke bin mutum, tana jiransa. Takan matso kusa da tabon rauni, ta daɗe a kai. Da an yi saurin yankewa, da 'yan daba kawai za a gani, ba matasan da ke fafutukar neman abinci ba.