Yadda Ciwon Sukari Ke Lalata Ƙoda Da Hanyoyin Kare Ta

Ciwon sukari na cikin manyan abubuwan da ke haddasa mutuwar ƙoda a duniya. Ƙididdigar Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta shekarar 2021 ta nuna cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke ɗauke da cutar a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na manya masu cutar kan kamu da ciwon ƙoda.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya da ke tace jini. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, sai jijiyoyin matatan su lalace, furotin ya fara zurarewa cikin fitsari. Hawan jini kuma na ƙara hanzarta ɓarnar.

Haɗarin shi ne cutar ba ta nuna alama da wuri. Kafin a ga kumburin ƙafa da fuska, ko fitsari mai kumfa, ko kasala da tashin zuciya, galibi ɓarnar ta yi nisa. Don haka likitoci ke son mai ciwon sukari ya yi gwaji biyu aƙalla sau ɗaya a shekara: na furotin a fitsari, da na jini mai auna ƙarfin aikin ƙoda. Mazauna Karu, Nyanya, Jikwoyi da Kurudu na iya tambayar likita game da su a Babban Asibitin Karu, tare da neman a duba masu idanu da ƙafafu, domin cutar kan taɓa su.

Ga yawancin masu cutar, ana son gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na kusan wata uku, ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin 100, awon jini kuma ƙasa da 130 bisa 80. Magunguna irin su lisinopril, losartan da dapagliflozin na rage saurin lalacewar ƙoda, amma likita ne kaɗai zai rubuta su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci ya kai giram 5 a rana, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Yawan shan ibuprofen da diclofenac daga kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, na iya cutar da ƙodar da ta riga ta raunana.

Idan ƙoda ta gaza, abin da ya rage shi ne dashe ko wankin ƙoda, wanda akan yi sau uku a mako, kimanin awa huɗu kowane zama. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi, Abuja. Duk da ragin, wanki uku a mako na cin naira 36,000, ban da kuɗin magani da na mota.