Yadda kwamfuta ɗaya ke shanye intanet ɗin ofis gaba ɗaya

A duk inda aka haɗa kuɗi aka sayi data don na'urar wayfai ɗaya, ko a ofishin gwamnati ko a jerin shagunan kasuwar Haɗeja, ƙorafin ɗaya ne: da zarar wani ya fara sauke fim, sai mai son tura kuɗi ta manhajar banki ya tsaya cak. Akan ɗora wa kamfanin waya laifi, alhali sau da dama matsalar tana cikin ɗakin.

Manhajojin zamani kan raba aiki kashi-kashi, su tafiyar da su a lokaci guda. Kowane kashi masana na kiran sa zare. Manhajar sauke fayil irin Internet Download Manager takan yanka fayil gida takwas, kowane zare ya buɗe tasa hanyar ya ɗebo rabonsa, kuma ana iya ƙara adadin har 32.

Sai dai yawan zare ba ya faɗaɗa layi. Mutanen Haɗeja ba sa bukatar dogon bayani a nan. Ruwan da aka sako daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, shi ke nan ruwan da ake da shi. Manomin da ya haƙa magudana takwas zuwa gonarsa bai ƙara wa kogin ko da guga ɗaya ba, ya dai rage abin da zai gangara wa masunta da manoman Nguru.

Ƙa'idar TCP ce ke raba layin. Bayan cunkoson da ya kusa durƙusar da intanet a 1986, Van Jacobson ya fito da tsarin da ya sa kowace hanya take ƙara gudu sannu a hankali, idan ta ga saƙo ya fara ɓacewa sai ta ja baya. Adalci ne, amma tsakanin hanyoyi, ba tsakanin mutane ba. Idan layin na ɗaukar megabit 9 a daƙiƙa, mai zare takwas zai kwashe kusan 8, ya bar wa maƙwabcinsa 1.

Furoksi kuwa dillali ne: kwamfutar da ke tsakiya, ta karɓi buƙatarka ta je ta karɓo maka. Irinsa Opera Mini ke amfani da shi wajen matse shafuka don rage cin data. Idan duk zaruruwan sun bi ta dillali ɗaya mai rauni, gudunsa ne zai zama gudunsu, tamkar yadda kachalla ke toshe magudana komai yawan ruwan da ke sama. Rarraba su ga dillalai da yawa na taimakawa ne kawai idan shafin da ake ɗebowa ne ya ƙayyade wa kowane adireshi gudu. Idan layinka ne ƙunci, ɓata lokaci ne. Dillalan kyauta kuma na iya ganin duk saƙon da ba a kulle ba, abin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi hattara da shi.

Gyaran yana cikin saitin yawancin na'urorin wayfai na ofis, inda ake ƙayyade wa kowace waya ko kwamfuta rabonta, zaruruwanta su yi ta rabawa tsakaninsu. Inda babu wannan, mai sauke fim ya mayar da zarensa biyu, ko ya jira a tashi daga aiki.