Faifan Wasa Idan Ya Karce: Wa Ke da Ikon Kwafa?

Faifan wasan gem ba ya jure wahala. Yaro ya ajiye shi a ƙasa, ƙura ta hau, a goge da gefen riga, shi ke nan layi ya fito. A faifan CD ma, gefen da aka yi wa zane ya fi haɗari, domin bayanan suna kwance dab da shi, ƙarƙashin siririn fenti. Karcewa ɗaya ta nan tana iya kashe faifan gaba ɗaya. Ko ba a taɓa shi ba, zafi da danshi kan ci alminiyam ɗin da ke ciki a hankali.

Shi ya sa mai faifai ke son ya yi kwafi, ya riƙa wasa da shi, ya adana na asalin. Kamfanoni kuwa tun farko suka toshe wannan hanya.

Da Sony ya fitar da na'urar wasan PlayStation a Japan a 1994, ya zo da wata dabara mai ban sha'awa. Kusa da tsakiyar kowane faifai na asali, layin bayanan yana ɗan karkacewa hagu da dama, kuma a cikin wannan karkacewar aka ɓoye haruffa huɗu: SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai. Kwamfuta za ta kwashe wasan tsaf, amma na'urar buga faifai ta gida ba ta iya zana karkacewar. Da an saka kwafin, na'urar wasan ta lalubi haruffan ta rasa, sai ta ƙi tashi.

Masu wasa ba su zauna ba. Wasu sukan tokare ɗan maɓallin murfin don na'urar ta ɗauka a rufe take, su fara da faifan asali, da ta karanta haruffan sai su zare shi yana juyawa su ɗora kwafi. Daga baya aka samu ɗan ƙaramin cif da mai gyara ke liƙawa da dalma a ciki, aikinsa kawai ya riƙa faɗa wa na'urar haruffan nan huɗu. Sega ya gwada nasa faifan na musamman, GD-ROM, a na'urarsa ta Dreamcast, amma zuwa 2000 an gano hanyar tayar da kwafi ba tare da cif ba.

A nan shari'a ta shigo, kuma ba ta yi magana da murya ɗaya ba. Dokar DMCA ta Amurka ta 1998 ta haramta karya makullin da aka sa wa faifai, ba tare da ta ware wanda ya saya da kuɗinsa ba. A 2002 Sony da Nintendo da Microsoft suka maka kamfanin Lik-Sang na Hong Kong a kotu kan sayar da cif. Kotu a Ingila ta haramta shi a 2004, ita kuwa kotun ƙoli ta Ostareliya ta ba wani mai sayar da shi gaskiya a kan Sony a 2005.

Kamfanonin suna da hujja, don cif ɗin da ke tayar da kwafin ajiya shi ke tayar da na sata, kuma jabun faifai sun cika kasuwannin duniya. To amma asarar ɗaya ɓangaren fa? Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a ƙara sayar da su. Idan faifan irin wannan wasa ya mutu, babu kantin da za a je a sayo sabo.

Wanda ya buga dubban faifai ya kai kasuwa ɓarawo ne, a hukunta shi. Wanda ya kwafi faifansa guda don ajiya kuwa, ya kamata doka ta ba shi wannan dama a fili.