Haƙƙin Mai Saye A Kasuwar Sallah, Da Makircin 'Yan Damfara Ta Waya

Ga Babbar Sallah tana ƙaratowa, kasuwanni sun fara cika maƙil. Wanda ya bi ta Kantin Kwari a Kano a 'yan kwanakin nan zai ga masu neman shadda da atamfa kafaɗa da kafaɗa, haka nan kuma kasuwannin dabbobi irin su Wudil, da Maigatari, da Potiskum, da Illela, motoci sai lodin raguna suke yi dare da rana. Magidanci ya yi watanni yana tara ɗan abin da zai fita kunyar iyali da shi, sa'an nan a cikin sa'a guda a raba shi da shi, ko dai a gaban rumfa da rana tsaka, ko kuwa ta waya yana kwance a ɗakinsa. Wannan shi ya sa muka ga ya kamata a wannan mako mu tsaya a kan haƙƙin mai saye, domin da yawa daga cikinmu sun san hukuncin alwala daki-daki, amma babin ciniki ko leƙa shi ba su taɓa yi ba, alhali kuwa yana nan a cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Shaihu Halil.

Tushen al'amarin shi ne ciniki ba ya halatta sai da yardar juna, yarda kuwa ba ta tabbata a kan abin da aka ɓoye. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sa'an nan ya bayyana cewa mai algus ba ya tare da shi. A lura, mutumin nan bai yi ƙarya da baki ba, shiru kawai ya yi. Daga nan malamanmu na Malikiyya suka ce wajibi ne mai kaya ya faɗi duk abin da, in da mai saye ya san shi, zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi.

To, in an saya aka kai gida sa'an nan aibin ya bayyana fa? A nan shari'a ta ba mai saye zaɓi: ko ya riƙe kayan yadda suke, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa cif. Idan kuwa kayan sun riga sun fita daga halin da za a mayar da su, kamar ragon da aka yanka, sai a ƙiyasta abin da aibin ya rage na daraja a biya shi. Akwai kuma wani zaɓi wanda mai saye ke sharɗantawa tun wajen ƙulla ciniki, watau ya ce a ba shi lokaci ya gwada ko ya yi shawara. Malamai sun ƙaddara shi gwargwadon kaya, gida kamar wata guda, dabba ko tufa kamar kwana 3. Amma a kula da wani abu, a mazhabar Imamu Malik ciniki yana ƙulluwa ne da zarar an taya an sallama, ba a jiran sai an rabu daga wurin. Saboda haka wanda ke son zaɓi ya faɗa kafin a ce "na sallama", kada ya dawo daga baya yana rigima a kan abin da ba aibi ba ne, sai don kawai uwargida ta ce launin bai yi mata ba.

Kasuwar raguna ita ce inda muka fi son mu daɗe. Kukan da ake yi kowace shekara shi ne wasu kan ɗirka wa dabba gishiri ko kanwa ta sha ruwa har cikinta ya ɗaure, a gan ta kamar kiwatacciya, kwana biyu a gida sai ta saɓule. Wannan ɗan'uwan abin da hadisi ya hana ne game da barin nono a hantsar dabba kwanaki ba a tatsa ba don a ruɗi mai saye, inda aka ba wanda aka ruɗa ikon mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Cutar ta fi muni a dabbar layya, domin ba dukiya kaɗai ake tauye wa mutum ba, har da ibadarsa. Dabba mai ido ɗaya, ko mai ciwo bayyananne, ko gurguwar da gurguntarta ta fito fili, ko ramammiyar da ba ta da ɓargo, ba ta isar wa layya. Saboda haka a buɗe baki a duba haƙora, a duba ido da kunne, a sa ragon ya yi tafiya, a matsa bayansa a ji nama ne ko iska. Kada a sayi dabba da almuru, kuma kada a ji kunyar tafiya da wanda ya san dabba.

Dillali kuwa la'adarsa halal ce, ba mu da ja a kan wannan. Abin da aka hana shi ne wanda ake kira najashu, watau a sa wani ya zo yana taya kaya da tsada alhali ba saye zai yi ba, don dai baƙon da ke tsaye ya ɗauka farashin ke nan. Game da masu buga gindin mudu da masu taɓa sikeli ba sai mun tsawaita ba, sura guda aka saukar da sunansu, Suratul Muɗaffifina, kuma mutanen Annabi Shu'aibu a kan wannan aka halaka su.

Bari mu ɗan ratse wajen teloli, tun da su ne ke sa wasu zuwa Idi da tsohuwar riga. Telan da ya san ɗinki ashirin ne iyakar ƙarfinsa ya karɓi hamsin, ya yi alkawarin da ya san ba zai cika ba. A mazhabarmu kuma mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, shi ke da lamunin kayan da suka ɓace ko suka lalace a hannunsa, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Wanda aka ɓatar masa da shadda ba alfarma yake roƙo ba.

Wani zai ce duk wannan a littafi yake, wa zai karɓo mini haƙƙina? To, dokar ƙasa ma ta zo da kusan haka. A shekarar 2019 aka sa hannu a kan dokar gasar kasuwanci da kare mai saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Dokar ta ce a bayyana farashin kaya, ta hana talla ta yaudara, ta kuma ba mai saye ikon mayar da kaya masu aibi a cikin wata 3 a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun nan da akan liƙa a kanti cewa kayan da aka saya ba a mayarwa bai isa ya shafe wannan haƙƙi ba in kayan na da aibi. Sai dai ƙara ba ta tafiya ba shaida, don haka a karɓi rasit a adana. Kayan gwangwani, da man girki, da lemon kwalba, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsu, domin a irin wannan lokaci ne ake fito da kwantai.

Yanzu sai ɓarawon da ba ya haura katanga. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, musamman kuma bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 wanda ya tilasta wa har mai sayar da tumatir karɓar tiransifa, dukiyar mutane ta koma cikin waya, ɓarayi kuwa suka bi ta can. Wani zai kira da murya mai daɗi ya ce daga banki yake, ya faɗi cikakken sunanka, ya ce za a rufe asusunka kafin Sallah in ba a gyara BVN ɗinka ba, ya ce ka karanto masa lambobin da suka shigo wayarka yanzu. Lambobin nan su ne mabuɗin da banki ya aiko don tabbatar da fitar kuɗi, shi ne ya sa aka aiko su, ya rasa su ne kawai. Mu sani, babu bankin da zai kira mutum ya nemi lambar sirrinsa, ko lambobin jikin katinsa, ko waɗannan da ake aikowa. Sanin sunanka ba hujja ba ne, duk wanda ya san lambar asusunka yana iya ganin sunan.

Haka suke yi da WhatsApp. A kira mutum a ce za a sa shi a taron ƙungiya ko na masallaci, ya turo lambobi 6 da aka aiko masa. Yana turawa an ƙwace shafin, sai a bi 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya da sunansa ana neman rancen gaggawa. Wani kuma saƙo ne cewa an zaɓe ka a tallafin Sallah ko kujerar Makka, ka biya kuɗin rajista. 'Yan kasuwa su ma ba su tsira ba, a nuna musu alat na bogi a kwashe kaya. Kada ɗan kasuwa ya saki kaya sai ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗi sun zauna, ko da kuwa mai sayen ya sha rawani.

Wanda ya fi ba mu takaici shi ne mai kira da tsakar dare da sauya murya, ya ce shi aljani ne ko wani waliyyi, ya ce an ga arziki a tare da kai ko wata masifa na tafe, a turo kati ko kuɗin sadaka, kuma kada a faɗa wa kowa. Mata da tsofaffi ya fi kamawa. Ashe ba mu karanta a Suratu Saba'i ba yadda aljanu suka yi ta wahalar aiki ga Annabi Sulaimanu alhali ya riga ya rasu yana dogare da sandarsa, ba su sani ba sai da gara ta ci sandar ya faɗi? Waɗanda ba su san mutuwar wanda ke gabansu ba, ina za su san gobenka? Kuma aljanin da ke buƙatar katin waya ai abin tausayi ne.

In aka duba, dukkansu da abu uku suke farauta: tsoro, kwaɗayi da gaggawa. Maganinsu kuwa yana cikin umurnin Suratul Hujurati na bincika labari kafin a yi aiki da shi. A kashe wayar, a kira ɗan'uwan da aka ce yana asibiti ta lambar da aka san shi da ita, ko a taka zuwa banki. Mai gaskiya ba ya fushi don an ce bari a bincika.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata, kada kunya ta sa a yi shiru, domin kowane minti kuɗin na ƙara nisa daga asusu zuwa asusu. A sanar da banki nan take a rufe asusun da katin, a ajiye saƙonnin da lambar da ta kira, a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. In banki ya yi mako 2 bai warware ƙorafi ba, ana iya ɗaukaka shi zuwa sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya. Ƙorafi a kan kamfanin waya kuma hukumar NCC tana karɓarsa a lamba 622 kyauta. Wanda aka sace wa waya ya fara rufe layin da asusun kafin ya tsaya jimamin wayar, kuma tun yau kowa ya sa wa layinsa lambar sirri.

Saura magana guda ga samarinmu. Akan zo wa yaro a ce ya ba da aron asusunsa a turo kuɗi ya cire, a ba shi kaso. Kuɗin nan na wani bawan Allah ne da aka damfara, mai asusun kuwa ya zama abokin tarayya a zunubi, tun da an hana taimakekeniya a kan saɓo. A wajen hukuma ma shi za a fara kamawa, domin BVN ɗinsa da hotonsa ne ke jikin asusun, wanda ya sa shi kuwa ya jefar da layinsa tuni. Haka nan wanda kuɗi suka faɗo asusunsa bisa kuskure, amana ce a hannunsa, ba rabo ba. Sai dai kada ya tura su wata lamba don kawai wani ya kira yana kuka, ya je banki a mayar da su ta hanyar da suka zo.